Maganin da Baba Ya Raba Biyu

Mahaifina ya rasu bayan an gama sussukar gero, ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa a Nasarawa Burkullu. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya sha ya zama kaffara. Ciwon daji ne ajalinsa, irin wanda ke kama maza tsofaffi a ƙarƙashin mafitsara. Na zauna rubuta yadda jinyar ta kasance ne saboda masu tsofaffi a gida. Akwai kuskuren da muka tafka, ni da ƙanena, wanda har yau in na tuna abinci ke fita raina. Wanda ya ga na yi zafi a wani wuri ya yi haƙuri, haka bakina yake.

Sunana Lawali, gyaran babur nake yi a Gummi. Ni ne ɗan fari, kuma kowa ya san tsakanin uba da ɗan farinsa a wurinmu: gaisuwa, umarni, sai shiru. Don haka ni ne na ƙarshen sanin Baba ba shi da lafiya. Inna ta ce ya kusa shekara biyu yana fama. Buta ba ta barin hannunsa. Ya shiga bayi ya daɗe, ya fito, kafin ya gyara zama ya sake miƙewa. A masallaci ya koma sahun baya kusa da ƙofa, mutumin da ya shekara talatin yana tsayawa bayan liman. Mutane suka ce tawali'u ne ya ƙaru masa.

Kafin labari ya iso ni, dangi duk sun gama zama likitoci. Gwaggo ta ce basir ne. Wani ya ce sanyin mara. Mai maganin nan da ke zuwa ranar kasuwa da lasifika a kan mota ya sayar masa da gora uku na wani baƙin jiƙo, ya sha ya yi ta gudawa. Da baya ya fara ciwo aka ce ai noma ne, wa ya taɓa tsufa da garma a kafaɗa bayansa bai yi magana ba? Duk masu wannan surutu, ko ɗaya ban gani a layin asibiti ba daga baya.

Mutum ɗaya ya san gaskiyar abin tun farko, shi ne Baba Nomau, aminin mahaifina. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi yawon ci-rani, gonakinsu iyaka ɗaya. Tun da na yi wayo, tuwon rana a zauren gidanmu suke ci, akushi ɗaya. Shi ya kira ni wata Laraba ina tsakiyar kwance injin.

"Lawali, aje abin da kaka yi ka taho. Tun jiya hitsari bai hito ma ubanka ba."

Na tarar ya ɗora shi a amalanken shanu ya kawo shi bakin hanya. Marar Baba ta kumbura kamar tulu, gumi na zuba, amma da ya gan ni sai ya ja riga ya rufe, ya ce, "Wa yac ce a taso ka daga aiki?"

A Gummi aka sa masa robar fitsari, ya samu ya numfasa. Suka ce abin ya fi ƙarfinsu, suka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Muka tafi mu uku, da Baba Nomau, don ya rantse ba za a bar shi ba.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti da tsoho mai roba a jiki ba, bai san haƙuri ba. Mun isa da sassafe, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. A buɗe kati layi, a biya layi, a ɗebi jini layi, kuma kowane a wani gini daban. Makon farko suka ce na'urar hoto ta lalace, mu dawo. Mako na biyu aka nemi katinmu aka rasa, wata mai farar riga ta daka mini tsawa kamar ni na cinye shi. Kowace tafiya kuɗin mota ne, ga fargabar hanya, kana tafe kana kallon daji kana addu'a. Amma ba zan ci amanar gaskiya ba. Likitan da aka haɗa mu da shi mutumin kirki ne, wani siriri mai gilashi, Hausarsa irin ta rediyo. Bai taɓa ɗaga mana murya ba.

Ranar farko ya shiga tambayar Baba abubuwan da ba a tambayar uba a gaban ɗansa. Baba ya kafe bango da ido, ya yi gum. Likita ya dube ni, ya dubi Baba Nomau da ke leƙe a bakin ƙofa, ya gane. Ya ce in fita, shi ya shigo. Ina waje ina jiyo muryar Baba Nomau: "Hwaɗi mai gaskiya, kai dai. Ba sau shida ba, ya hi goma. Ni ka ganin ka." Har dariya na jiyo. Ba don shi ba da ba a samu kalma ɗaya daga bakin Baba ba. Wannan na rubuta shi ne don kada a ce ban faɗi alherinsa ba.

Aka yanki 'yar tsoka aka tafi aunawa. Bayan mako uku likita ya ja ni gefe. Ya ce kowane namiji yana da wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin mafitsara, suna kiransa furostet, to na Baba ciwon daji ya kama shi. Kuma ya riga ya fita ya shiga ƙashin baya da na ƙugu.

"A wannan matakin ba ma warkar da shi," in ji shi. "Amma muna iya ɗaure masa ƙafa ya rage gudu."

Na ce, "Likita, kada ka gaya masa."

"Malam Lawali, jikinsa ne fa. Shi ya fi kowa cancantar sani."

"Kai ka san littafi, ni na san ubana. In ya ji an ce daji, gida zai koma ya juya fuska gabas ya daina cin abinci."

Likita ya ce shi dai in Baba ya tambaye shi ba zai yi masa ƙarya ba. Na san Baba ba zai tambaya ba, tsofaffinmu ba sa yi wa likita tambaya. Na kira ƙanena Sanusi da ke sayar da hatsi a Kano, ya ce na yi daidai. Haka muka tashi muka ga ana yi: marar lafiya ba a gaya masa mai nauyi, ana cewa da sauƙi har a kai shi kushewa. Muka ce wa Baba ciwon fitsari ne na tsufa. Inna ma haka muka gaya mata. Baba Nomau ma haka.

Aka fara yi masa allura duk bayan wata uku. Akwai wata lamba da suke dubawa a jini, PSA suke ce mata. In ta sauka ciwo ya kwanta, in ta hau ya tashi. Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, sai ga ni ina jiran lamba kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta sauka. Aka cire roba. Mun samu shekara guda da 'yan watanni cikin sauƙi, har Baba ya yi noman damina ɗaya da ƙafarsa.

Sai ciwon baya ya dawo, ya fi na da. Lamba ta fara hawa. Likita ya ce ciwon ya saba da allurar, ya koyi tsallake ta. Ya ce akwai wani gwaji, za a ɗebi jini a tura Legas a duba ko Baba na cikin waɗanda wani sabon magani ke yi wa aiki. Gwajin kaɗai ya cinye abin da nake tarawa don sayen injin walda. Mako biyar muna jira, Baba na raguwa a kan idonmu.

Da sakamako ya zo likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan iya maimaita shi har gobe. Ya ce akwai wata ɓaraka a halittar jikin Baba, ta gado ce, kuma ƙwayar nan ta wannan ɓarakar take bi ta kai ga ciwon.

"Makulli ne da kwaɗonsa," in ji shi. "Wanda ba shi da irin wannan kwaɗon, ko buhu ya sha ba abin da zai samu sai illa. Tana rage jini, tana sa tashin zuciya da kasala. Biyu da safe, biyu da yamma, kullum, kada a rage, kada a tsallake. Duk wata ku zo a auna jini."

Sunan maganin har yau harshena bai iya shi ba. Kuɗinsa kuwa na iya. Kwalbar wata guda ta fi kuɗin bijimin huɗa, kuma sai an aiko da ita daga nesa. Na kira Sanusi a waya na gaya masa kuɗin. Baba yana da bijimai huɗu da saniya. Ni ina da fili a bayan gari a Gummi. Sanusi ya ce zai karyar da hatsin da ya ajiye. Amma mun san Baba: in ya ji kuɗin zai ce a bar shi ya mutu, ba za a tsiyata gida saboda tsoho ba. Sai muka ƙara ƙarya biyu a kan ta farko. Muka ce shanu za a kai su Gummi ne saboda ɓarayin daji, abin da kowa ke yi a lokacin. Magani kuma muka ce gwamnati ke bayarwa kyauta. Muka sayar da shanun da filin a ɓoye.

Ya juya kwalbar a hannunsa. "Gwamnati? Wagga tamu?"

"Ita, Baba."

"To, Allah shi yi mata albarka. Ashe tana tuna mutane."

Duk dogon bayanin da likita ya yi mini, abin da na isar wa Baba shi ne: biyu da safe, biyu da yamma. Na miƙa masa kwalba na koma Gummi. Ɗan fari ba ya tsayawa a kan ubansa yana kallon maƙogwaronsa.

Mako biyun farko ya sha wuya. Ko ƙamshin miya ba ya so, sai kunu da ɗan farau-farau. Gwaggo ta zo ta ce maganin Turawa zai ƙarasa shi, a koma jiƙo. Na ce mata in ta sake kawo gora gidan nan ni zan fasa ta a gabanta. Wata guda ba ta gaishe ni ba, ban kuma yi kewa ba. Mako na uku amai ya tsaya. Mako na biyar Inna ta kira ni tana murna: "Ubanka ya ci tuwo malmala biyu, kuma ya tahi masallaci ba sanda." A wata na biyu ya taka har gona ya duba gero. Lamba ta faɗi ƙasa, har likita ya miƙo mini hannu muka tafa. Ranar a mota na yi kuka ban bari kowa ya gani ba. Na ce bijimai sun tafi a kan hanya.

Gari ya ɗauka: Malam, haka suke kiran Baba, ya samu maganin fitsari daga Sakkwato, kamar yankan wuƙa. Ni ma na riƙa jin daɗin maganar. Kuma da idona na sha ganin Baba Nomau yana tashi daga zaure da buta, ya daɗe, ya dawo yana cije leɓe. Na gani sau ba adadi. Ko sau ɗaya ƙwaƙwalwata ba ta haɗa biyu da biyu ba.

Duk ƙarshen wata ina zuwa da sabuwar kwalba, in karɓi tsohuwa in girgiza. Wayam, daidai ranar da ya kamata ta ƙare. Sai in ce madalla, tsoho na bin doka.

A wata na huɗu lamba ta tsaya cak. A na biyar ta fara hawa. Baba ya koma riƙe sanda, sannan ya koma sallah a zaune. Likita ya tambaye ni, "Ka tabbata yana shan duka?" Na ce wallahi yana sha, ni ke duba kwalba. Har na ji haushin tambayar. Ya ce wani lokaci ciwon kan saba da wannan ma, amma ya yi mamakin saurin.

Gaskiya ta same ni ne a gareji. Bala, babban ɗan Baba Nomau, ya zo ya tsaya a kaina ina ɗaure tayar wani babur. Ya ce an kwantar da mahaifinsa a nan Gummi, jiri ya kayar da shi a gona, an duba an ce jininsa ya kusa ƙarewa, sai an ƙara masa. Ma'aikatan sun matsa a faɗi abin da yake sha, shi ne ya ciro wannan daga aljihu. Bala ya kwance wata 'yar takarda. Ƙwaya biyu ne a ciki. Na san su kamar yadda na san 'ya'yana. Filina ne na gani a tafin hannunsa.

"Ya ce Baba Malam ka ba shi," in ji Bala. "Wata ukku ke nan. Guda da sahe, guda da marece. Ko ka san sunanta in gaya musu?"

Ban san yadda na isa Nasarawa ba. Na tarar da Baba a zaure bayan azahar, ya jingina da bango, akushi a gefe ko buɗe shi bai yi ba. Ban durƙusa ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ranar.

"Baba, maganinka kake ba Baba Nomau?"

Ya ɗago. "Awo. Ciwonmu guda na. Ni na samu sauƙi, shi shina wahala. Nic ce mu raba."

"Likita ya ce biyu da safe, biyu da yamma."

"Likita bai san Nomau ba. In zamna ina shan magani shina murƙususu gabana? Abin da gwamnati ka badawa kyauta? Na so in ce ka amso muna kwalba biyu, sai nig ga kana wahalar hanya."

Nan na fashe. Na ce ba gwamnati ba ce. Na ce bijimanka huɗu da saniya babu su a Gummi, an yanka su an cinye tun tuni. Na ce filina ya tafi, hatsin Sanusi ya tafi. Na ce kuma ba ciwon fitsari gare ka ba, daji ne, ya shiga ƙashi, kuma ƙwayar nan jininka kaɗai take yi wa aiki, shi guba ce a jikinsa, ga shi can kwance jini ya ƙare. Abin da na ɓoye kusan shekara biyu don kada ya karaya, na watsa masa shi a fuska cikin numfashi ɗaya, da tsawa. Inna na bayan ƙofa, na ji ta zauna daɓas a ƙasa.

Baba ya nuna mini ƙasa a gabansa. Sannan ya ce, a hankali, "Zamna."

Na zauna.

"Tun yaushe kunka sani?"

"Tun da aka auna tsokar nan a Sakkwato."

"Kunka sai da shanuna ban sani ba. Kunka san ciwon ajalina kunka ɓoye min. Kunka ba ni abu kunka ce kyauta na. Yanzu ka zo kana yi min tsawa cikin zaurena." Ya numfasa. "Ni yaro na? Na bizne uwata da ubana da ɗiya ukku. Mutuwa kaka ɓoye ma ni?"



Na zaci zancen shanu zai ci gaba, ko zancen kansa. Sai ya ce, "Kac ce jininai ya ƙare?"

"E, Baba."

"Da hannuna nib ba shi." Ya kalli tafin hannun nasa. "Da kun hwaɗa min ba ta yi mai amfani, da ban ba shi ba. Magana guda ta, Lawali. Tashi ka koma Gummi. In jini suka so, ka ba da naka."

Na koma. Na kwanta a gadon asibiti aka ɗebi jini leda guda daga hannuna saboda mutumin da ya shanye rabin filina, ina kallon silin ina cizon haƙora. Ba zan ce da zuciya ɗaya na bayar ba. Umarni na bi. Da aka bincika Baba Nomau, nasa ƙullutun kumburin tsufa ne kawai, ba daji ba. Suka rubuta masa wata ƙwaya da kuɗinta bai kai na cin abincin rana biyu ba, cikin mako uku ya miƙe. Da tun farko ya je asibiti da shi ke nan. Amma shi ma kunyar Bala yake ji.

Na je na gaya wa likita komai. Bai ce na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya cire gilashi ya murza ido kawai. Na tambaye shi abin da ke ci na: da Baba ya sha cikakke, da wata nawa zai ƙara?

"Ban sani ba," in ji shi. "Wasu yakan riƙe su shekara ko fiye. Wasu ko sun sha daidai, wata kaɗan ciwon ke kuɓucewa. Rabin magani dai ba ya riƙe ciwo, wannan na sani. Sauran ba wanda zai iya gaya maka."

Ya ce a koma cikakke a gwada. Tafiya ta gaba Baba da kansa ya shiga ya zauna gaban likita, ya yi masa tambayoyin da ni ban taɓa tunanin yi ba. Ƙafafun za su mutu? Hankali zai gushe? Zai ga girbi? Likita ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Bai juya fuska gabas ba, bai daina cin abinci ba. Mutumin da na rantse na sani, ashe ban san shi ba.

Kwalba ɗaya ya ƙara sha cikakkiya. Lamba ta ci gaba da hawa. Sanusi ya kawo zancen sayar da fadama, Baba ya ce duk wanda ya taɓa fadamar nan bai yafe ba, ta Inna ce da ƙannenmu mata. Likita ma ya ce maganin ya daina riƙewa, ƙari asara ce. Aka koma maganin rage zafi, wani ruwa-ruwa da ake ba shi da cokali, shi ma sai an je har Sakkwato ake samu, wani zuwan a ce ya ƙare.

Mako tara ya yi a kwance. A na biyu ƙafafu suka daina ɗaukarsa. A na huɗu aka mayar da roba. Ya tara mu ya faɗi abin da ke wurin wa, ya nemi gafarar waɗanda yake son nema, ya aika aka kira wani da suka shekara ashirin ba sa magana saboda iyakar gona suka shirya. Ya ce ni da Sanusi mu je a auna mu tunda abin na gado ne, kuma duk abin da aka gani mu gaya wa matanmu da bakinmu. Duk wannan a mako tara ya yi shi, cikin zafi. Da ya sani da wuri, da ya yi shi da ƙafarsa.

Wanda ya yi jinyar gaske kuwa Baba Nomau ne. Ni ina juya shi, ina ɗaga shi, ina zubar da ledar fitsari. Amma wanka da tsarki Baba bai yarda ɗansa ya yi masa ba, Inna kuma ƙarfinta bai kai ba. Kullum da hantsi Baba Nomau zai shigo da sandarsa, ya ce kowa ya fita, ya ja ƙofa. Ina jiyo su. "Ɗaga hannu, raggo." "Kai ar raggo, wanda ƙwaya guda tak kayas." Ni ina tsakar gida, rabin zuciyata na gode masa, rabi na ƙuna. Shi ya riƙe kansa ranar Talatar, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ya yi masa wankan ƙarshe.

To ku masu tsofaffi. In kun ga uba ya fara yawan ɗaukar buta, ku ajiye kunya ku kai shi a duba, ko ku nemo wanda yake iya buɗe wa baki. In likita ya faɗi sunan ciwo, ku gaya masa, nasa ne. Magungunan nan na zamani ba irin na ciwon kai ba ne da ake ɓallowa a miƙa wa maƙwabci, an auna su ne da jinin mutum ɗaya. Kuma tsohon ƙauye ba ya cin abu shi kaɗai amininsa na kallo, ko goro ne sai ya fasa biyu. In ba ku gaya masa dalili ba, zai raba, kuma ba shi ne mai laifi ba. Ina jin haushin layi, ina jin haushin tsadar da ta sa talaka sai ya sayar da abin nomansa kafin ya sayi wata guda na rayuwa, ina jin haushin dangi masu baki ba hannu. Amma in na gama zagayen, a ƙofata haushin ke tsayawa.

Bayan addu'ar bakwai, mutane sun watse, ina naɗe tabarmi a ƙofar gida, Baba Nomau ya kira ni. Yana zaune a dakalin zaure shi kaɗai. Na je na durƙusa.

"Lawali, tambaya nika yi ma, kuma kak ka yi min irin wadda kunka yi mai." "Ƙwayoyin da nish sha. Kwana nawa na cikin kwanakinai?"

Amsar da aka saba tana bakina, har ta hau harshe: haba Baba, babu komai, kwana ne ya ƙare. Ina kallon idonsa, ja wur, ya kafe ni da su. Na haɗiye ta.

"Ban sani ba, Baba. Na tambayi likita, shi ma ya ce bai sani ba. Mai yiwuwa da yawa. Mai yiwuwa ko ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan riga, bai share ba.

"To," in ji shi. "Wannan ina iya ɗauka tai."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Na ɗauko masa sandarsa, na raka shi har ƙofar gidansa.